Mece ce gwagwarmayar lumana?

Duk sanda aka shirya zanga-zanga a Kano, sai ka ji masu shiryawa suna nanata cewa "ta lumana ce". Tattaki da kwalaye ɗan yanki ne kawai na abin da ake kira gwagwarmayar lumana. Ma'anarta ita ce jama'a su tilasta wa mai mulki ko masu yaƙi su sauya hali, ta hanyar janye haɗin kan da ikonsu ya dogara a kai, ba tare da ɗaukar makami ko taɓa lafiyar kowa ba. Janar ba shi ke tuƙa tankar mai zuwa bariki ba, ba shi ke lissafin albashi ba. Ranar da direba da akawu da ƙaramin soja suka naɗe hannu, umarninsa ya zama magana kawai. Shi ya sa ta bambanta da haƙuri, ta kuma bambanta da sulhu. Faɗa ce, sai dai makamanta yawan jama'a ne da tsari.

Wani masani Ba'amurke, Gene Sharp, ya lissafa dabaru 198 a 1973, ya kasa su gida uku: nuna ƙin amincewa, kamar tattaki da takardar koke, janye haɗin kai, kamar yajin aiki da ƙaurace wa kaya, sai kutsa kai, kamar zaman dirshan. Yawancin masu fafutuka a nan, a gida na farko suke tsayawa, alhali ƙarfin yana na biyu.

Kan batun yaƙi, a dubi matan Laberiya a 2003. Musulmi da Kirista, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, suka riƙa sanya fararen kaya suna zama a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrovia, rana da ruwa, har shugaban ƙasar na lokacin, Charles Taylor, ya yarda ya gana da su. Da tattaunawar sulhu ta Accra, wadda Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga tsakani, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka zauna a ƙofofin zauren suka hana wakilai fita. An sa hannu a yarjejeniya ranar 18 ga Agusta. Ba su kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba, akwai matsin 'yan tawaye da na ƙasashen waje, amma buƙatarsu gajeriya ce kowa na iya riƙe ta: a tsagaita wuta, a zauna a teburi.

Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri shi ne jifa ɗaya ko shago ɗaya da aka fasa. Daga nan mata da dattawa da 'yan kasuwa za su koma gida, jami'in tsaron da ke jin nauyin harbi ya samu hujja. Binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan kan yunƙuri 323 daga 1900 zuwa 2006 ya nuna na lumana sun yi nasara kusan kashi 53 cikin 100, masu makami kuwa kashi 26. Kano ta ga fuska biyun. A Janairun 2012, lokacin cire tallafin mai, an yi zaman dirshan a shataletalen Silver Jubilee, Kirista suna gadin Musulmi suna salla. Ranar 1 ga Agustan 2024 kuwa, 'yan daba suka shige cikin taron zanga-zangar tsadar rayuwa, aka wawashe dukiya, kafin dare an sa dokar hana fita ta awa 24.

To, masu shiryawa su fara da buƙata guda wadda za a iya gane an biya ta ko ba a biya ba. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta yanke a 2007 cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba, duk da haka a aika wa kwamishina takardar sanarwa, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. A zaɓi hanya mai nisa da Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. A sa lokacin farawa da na tashi, kada a kai magariba. A horar da masu tsare layi, kamar mutum ɗaya ga kowane ashirin, da rigar da za a gane su. Da an ga baƙuwar fuska da gora ko dutse, kowa ya zauna ƙasa, mai ta da fitina ya rage shi kaɗai a tsaye. Yara ƙanana a bar su gida. Lambar lauya a rubuta ta a hannu, don waya ita ake fara ƙwacewa.

Lumana dai ba sulke ba ce. A Khartoum, zaman dirshan da aka fara ranar 6 ga Afrilun 2019 ya kai ga faɗuwar shugaban Sudan Umar al-Bashir, amma ranar 3 ga Yuni dakaru suka buɗe wa masu zaman wuta, mutane da dama suka mutu. 'Yan Sudan ba su rama ba, sai suka sauya dabara: kowa ya zauna gida, shaguna da bankuna a rufe kwana uku, sannan suka sake fitowa ranar 30 ga watan. A Agusta sojoji suka sa hannu kan raba mulki da farar hula, yarjejeniyar da suka rushe da juyin mulki a Oktoban 2021.