Gano ranar da aka canza kalmar sirrin mai kula da rumbun bayanai

A kowane babban rumbun bayanai na kwamfuta akwai asusu guda mai cikakken iko, wanda mai riƙe da shi zai iya karantawa, gyarawa ko goge duk abin da ke ciki. A manhajar SQL Server ta kamfanin Microsoft sunan wannan asusu sa, a Oracle akwai SYS da SYSTEM, a MySQL kuwa root. Sanin ranar da aka yi wa kalmar sirrinsa canjin ƙarshe na cikin abubuwan farko da masu binciken tsaro ke tambaya, domin kalmar da ta shekara ba a taɓa ta ba, da wuya a ce ba ta je kunnen waɗanda suka bar aiki ba.

Damuwar tana da tushe. A shekarar 2002 wata tsutsar kwamfuta, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta daga na'ura zuwa na'ura, mai suna Spida ta yaɗu a intanet, tana neman injinan SQL Server da aka bar asusun sa ɗinsu babu kalmar sirri kwata-kwata.

Tun daga SQL Server 2005, ana samun ranar ne ta hanyar umarnin LOGINPROPERTY: a ba shi sunan asusun da kalmar PasswordLastSetTime, sai ya dawo da rana da sa'a. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Teburin sys.sql_logins, wato jerin asusun shiga da SQL Server ke ajiyewa, yana da gurbi mai suna modify_date, kuma wasu na ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin ranar canza kalmar sirri. Ba haka ba ne. Wannan gurbi yana motsawa idan aka yi wa asusun wani gyara na daban, ko da kulle shi aka yi ko buɗewa. Wanda ya dogara da shi zai iya rubuta wa shugabanninsa rahoton cewa komai lafiya, alhali kalmar tana nan yadda take tun shekarun baya.

Oracle na ajiye ranar a gurbin PTIME na teburin SYS.USER$. MySQL ta ƙara gurbin password_last_changed a teburin mysql.user daga sigar 5.7.4. PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, ita ba ta ajiye wannan rana a teburinta na masu amfani. Abin da ke akwai shi ne rolvaliduntil, wato ranar da kalmar za ta daina aiki.

Sai dai ko an samu ranar, rabin amsa kawai aka samu. Gurbin ba ya faɗin wanda ya yi canjin, ko daga wace na'ura, kuma kowane sabon canji yana shafe na baya. Idan mai kutse ya canza kalmar da tsakar dare, ma'aikaci ya sake canza ta da safe, to sawun farko ya ɓace. Saboda haka ake kunna tsarin bin diddigi tun kafin matsala ta faru. A SQL Server 2008 zuwa sama, rukunin LOGIN_CHANGE_PASSWORD_GROUP na tsarin SQL Server Audit yana rubuta kowane canji da sunan asusun da ya yi shi. Ya fi kyau a riƙa tura wannan rajista zuwa wata na'ura ta daban, wadda mai riƙe da asusun sa ba shi da ikon goge abin da ke cikinta.