Me ake nufi da "kulawar bayan sallama"?

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san sallama. Likita ya duba ka, ya ce ka samu sauƙi, a ba ka takardar magani da ranar dawowa. A gidan yari ma sallama ake cewa, sai dai a can galibi babu takardar magani, babu ranar dawowa. Gandiroba ya buɗe ƙofa, a miƙo wa mutum 'yan komatsansa, ya tsinci kansa a bakin titi cikin sanyin Jos. Wannan giɓin ne likitoci da jami'an walwala suke nufin cikewa idan suka ce kulawar bayan sallama.

Ma'anarta ita ce bibiyar mutum tun kafin ranar fitarsa har watannin da za su biyo baya: a san halin da ƙwaƙwalwarsa take ciki, kada maganin da yake sha ya yanke, a haɗa shi da asibitin da zai ci gaba da zuwa, a san inda zai kwana da abin da zai ci. Da yawa sun ɗauka keken ɗinki ne ko kayan aski, domin su ake gani a hotuna ranar da Hukumar Gyaran Hali take rabon kayan sana'a. Suna ciki, amma wanda ya kwana bakwai bai rintsa ba, ko ka ba shi keke ba zai zura zare a allura ba.

A takarda dai an yi nisa. A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kuma ɗora wa hukumar nauyin mayar da mutum cikin al'umma. A Janairun 2023 ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu ɗauke da sunan Nelson Mandela, su ma sun ce a tsara lafiyar fursuna yadda jinyarsa ba za ta katse ba. A unguwa kuwa har yau "tsohon fursuna" ake cewa, kuma ranar da akuya ta ɓata an san ƙofar da za a fara bugawa.

Wani abu da ke dagula lissafi a ƙasar nan shi ne kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranarsa, ana iya shirya masa. Mai jiran shari'a bai san tasa ba. Yana iya shekara huɗu a ciki, rana ɗaya babban jojin jiha ya kawo ziyara ya sake shi, ko wani bawan Allah ya biya wa masu tara kuɗinsu albarkacin azumi. A Nuwamban 2023 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sakin mutum 4,068 masu tara a faɗin ƙasar, aka fara daga gidan yarin Kuje, aka bi sauran jihohi. Alheri ne babu shakka. Amma fitar bazata ba ta barin lokacin rubuta wasiƙar asibiti.

A ce matashi ne ya koma gidansu a Anguwan Rogo. An yi murna, an dafa shinkafa, maƙwabta sun shigo barka. Bayan kwana uku mahaifiyarsa ta lura yana ɓoye burodi a ƙarƙashin filo. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Ya tsaya a tsakar gida kamar mai jiran izinin shiga bayi, har ta ce, "Ɗan nan, gidan ubanka ne fa." Ya ce, "Na sani, Inna," amma ƙafarsa ba ta sani ba. Shekarun da wani ne ke gaya masa lokacin tashi da na kwanciya sun bar masa tabo. Wannan ba hauka ba ne, kuma yakan ragu da haƙuri. Sai dai a ƙarƙashinsa ana iya samun ciwon damuwa mai tsanani, ko ciwon firgici. Ka tuna waɗanda suke kulle a ɗakunansu ranar 28 ga Nuwamban 2021, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa gidan yarin Jos har sama da mutum 200 suka tsere. Wanda ya kwanta rub-da-ciki yana jin harsashi, ba hanyar gudu, ƙarar salansar babur kaɗai ta isa ta mayar da shi can.

Makonni biyun farko su ne masu haɗari, kuma nan ne iyalai suka fi sakankancewa. Wani bincike da aka buga a 2007 kan waɗanda aka saka a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a wannan tsakanin haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, kuma shan ƙwaya fiye da kima ne kan gaba. Dalilin mai sauƙi ne. Jikin da ya saba da tiramadol ko kodin, idan ya daɗe bai samu ba, juriyarsa takan sauka. Ya fito, tsoffin abokai su yi masa maraba da adadin da ya saba sha a da, jikin kuwa ba na da ba ne. Haka mai farfaɗiya ko mai jin muryoyi: in aka sallame shi ba ko ƙwayar magani ɗaya a aljihu, ciwon yakan dawo, ya yi abin da za a sake kiran 'yan sanda.

A nan ne gida yakan rabu biyu, wasu su ce asibiti, wasu su ce ruƙiyya. Ni ban ga abin faɗa ba. A yi addu'a, a kai shi wurin malam, amma kada a ce ya ajiye magani. Abin da ba na goyon baya shi ne gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sasari a ƙafa. Fitar da mutum daga wani kurkuku a kai shi wani ba jinya ba ce.

Ga mutanen Jos, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke hanyar Lamingo, sannan ga babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ƙwararrun likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kacal ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, irin wannan ƙarancin a ƙasashe da dama ne ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa gano irin waɗannan cututtuka.

Saboda haka kaso mafi yawa na aikin a kan dangi yake faɗawa, su da Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wan da zai je ɗauko ƙanensa, kafin su hau Keke Napep, ya nemi jami'in walwala ko ma'aikacin asibitin gidan ya ce, "Yallabai, akwai maganin da yake sha? Meye sunansa, kuma na kwana nawa ya rage?" In akwai, a rubuta masa a takarda, ko da a bayan rasit ne.