Waiwaye: Daga amalanke zuwa caji ofis

A rumfar mai cajin waya ta bakin layinmu, inda wayoyi ke jere a kan katako kowace da lambarta manne a baya, wani yaro ya tambaye ni abin da ya haɗa cajin waya da caji ofis. Tambayar ta burge ni, domin amsarta tana da dogon tarihi.

Kalmar charge da muka aro daga Turanci, asalinta amalanke ne. Mutanen Gol, mazauna ƙasar da ta zama Faransa, suna da keken dakon kaya wanda Rumawa suka ari sunansa suna cewa carrus. Daga baya Latin, harshen Rumawa, ta fitar da carricare, wato yi wa amalanke lodi. Tsohon Faransanci ya mayar da ita chargier. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 sai ta tsallaka teku, kuma zuwa ƙarni na 13 tana bakin mutanen Ingila da ma'anar ɗora kaya.

Daga nan kayan ya sauka daga kan amalanke ya hau kan mutum. Wanda aka damƙa wa amana an yi masa charge, haka wanda ake tuhuma, haka wanda aka yanka wa kuɗin aiki. Wannan ba zai ba Bahaushe wuya ba, tunda mu ma cewa muke an ɗora masa nauyi, an ɗora masa laifi. Caji ofis ke nan, wurin da 'yan sanda ke rubuta laifin da ake ɗora wa mutum.

Da bindiga ta zo, ɗura mata albarushi ma sunan ke nan, irin yadda maharbi ke danna wa bindigar toka. Sai kuma sukuwar mahaya su afka wa abokan gaba.

Na lantarki ne ya fi ɗaukar hankalina. Wajen 1746, a garin Leiden na ƙasar Holan, aka gano wata kwalba mai iya ajiye wutar lantarki. Benjamin Franklin, masanin kimiyya da ke gwaje-gwaje da irinta a birnin Filadelfiya na Amurka, ya riƙa kiran cika ta da wuta charge, kamar dai ɗurin bindiga. Da ya haɗa kwalaben da yawa wuri guda sai ya ba su sunan jerin igwogin soja, wato battery, wanda a bakinmu ya koma batir.

Daga wannan amalanken dai Turanci ya samo car da cargo, wato mota da kayan jirgi.