Tantancewar da kotu ke umarta bayan an samu direba da laifin tuƙi cikin maye a Amurka

A aikina na kula da masu fama da shaye-shaye, na sha haɗuwa da 'yan uwanmu mazauna Amurka, yawancinsu direbobin tasi da na manyan motoci, wasu kuma ɗalibai, waɗanda alƙali ya same su da laifin tuƙi cikin maye, ya kuma umarce su da su je a tantance yadda suke shan barasa ko ƙwaya. Kusan dukkansu sukan zo ne da niyya guda, wato su ce kuskuren dare ɗaya ne, ba su taɓa sha ba kafin ranar, ba kuma za su ƙara ba. Na fahimci dalilinsu, domin mutumin da ya tashi a gidan Musulmi, wanda iyayensa a Kano ko Damagaram ba su san ko warin giya ba, yana ganin furta gaskiya a gaban baƙo ya fi masa tarar kotu nauyi. Amma ɓoyewar nan ita ce ta fi jefa mutanenmu cikin wahala, shi ya sa nake son a san yadda al'amarin yake tafiya tun kafin ya zo.

A kusan dukkan jihohin Amurka, doka ta haramta tuƙi idan barasar da ke cikin jinin direba ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, sai jihar Yuta da ta sauko da nata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Ga mai lasisin tuƙin motar kasuwanci, iyakar 0.04 ce idan yana kan aikinsa. Laifin tuƙi cikin maye, wanda ake kira DUI a taƙaice, bai tsaya ga giya kaɗai ba, ya haɗa da wiwi da tiramadol da kodin, har ma da maganin barci da likita ya rubuta, muddin ya gusar da hankalin mai tuƙi. Mahukunta sun tsananta ne saboda a 2022 kaɗai mutum sama da 13,000 suka rasa rayukansu a haɗurran da barasa ke da hannu a ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda suka mutu a kan hanya a ƙasar.

Tantancewar kanta zama ce ta awa ɗaya zuwa biyu da ma'aikacin da jiha ta ba izini, kuma galibi wanda aka hukunta ne yake biyan kuɗinta. Kafin ka zauna, ma'aikacin yakan riga ya ga rahoton 'yan sanda, da adadin barasar da na'ura ta nuna a numfashinka ranar da aka kama ka, da tarihin tuƙinka. Daga nan sai ya yi tambayoyi game da shekarun da ka fara sha, da yawan abin da kake sha, da lafiyarka, da aikinka, da zamanka da iyali. Sau da yawa akan yi amfani da takardar AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 10, wadda maki 8 ko fiye a cikinta ke nuna shan ya kai matakin haɗari. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna da alamomi 11 da suke dubawa: wanda ke da biyu ko uku matsalarsa ƙarama ce, huɗu ko biyar matsakaiciya, shida ko fiye mai tsanani. Ana iya ƙarawa da gwajin fitsari, wanda wani nau'insa ke gano an sha barasa ko da kwana biyu ko uku sun wuce, akwai kuma gwajin jini da ke nuna shan da aka yi makonni kaɗan baya.

Idan mutum ya ce kwalba ɗaya ya sha, alhali na'ura ta nuna 0.18 kuma an same shi yana magana daram yana tafiya da ƙafarsa, ma'aikacin ya san cewa jikin da ya iya ɗaukar wannan adadi jiki ne da ya daɗe da sabawa. Zai rubuta cewa maganar ba ta dace da shaidar ba, kuma irin wannan rahoto yakan sa a ɗora mutum a mataki mafi tsauri, ko a sake tura shi wata tantancewar da kuɗinsa. A jihar Ilinoi, inda birnin Cikago yake, ana raba mutane gida huɗu bisa girman haɗarinsu: na ƙasa yana yin awa 10 na darasi, na sama kuwa aƙalla awa 75 na jinya, sannan a ci gaba da bibiyarsa. Kowace jiha da tsarinta, amma a ko'ina rahoton yana zuwa gaban alƙali ko jami'in da ke kula da ɗaurin talala, kuma yana tasiri a kan dawo da lasisi. Wanda ya ƙi zuwa, ko ya fara darasin ya watsar, ya saɓa wa umarnin kotu, ana iya kulle shi a kan haka.

Abin da ya fi damuna shi ne mai shan barasa da yawa kullum, wanda tsoron gwaji zai sa ya daina kwatsam shi kaɗai a ɗakinsa. Jikin da ya dogara da barasa yana iya shiga karkarwa da zufa da farfaɗiya, kuma a tsakanin kwana biyu zuwa huɗu wasu kan faɗa cikin ruɗewa da gane-gane, yanayin da ke iya kisa idan babu likita a kusa. Mai irin wannan hali ya faɗa wa ma'aikacin gaskiyar adadin da yake sha, domin a shirya masa dainawa a ƙarƙashin kulawar asibiti. Na ga mutanen da wannan zaman ne karo na farko da wani ya tambaye su dalilin shansu, sai ga kaɗaici da bashi da rashin barci na aikin dare sun fito fili, aka kuma samo musu taimako a kan waɗannan ɗin ma.

Game da asiri, dokar tarayya tana ba bayanan jinyar shaye-shaye kariya ta musamman, don haka ba za a kira matarka ko limamin masallacinku a faɗa musu ba sai da izininka. Za a dai sa ka sa hannu a takardar da ke ba da damar aika rahoto zuwa kotu, saboda haka ka karanta ta da kyau, ka ga sunan wa da wa ke ciki, kuma idan Turancin ya yi maka nauyi ka nemi tafinta. Wanda ke zaune da biza ya tuntuɓi lauyan da ya san dokar shige da fice tun kafin ya amsa laifi a kotu, domin kamun tuƙi cikin maye kan iya sa a soke biza, a kuma buƙaci likita ya duba mutum kafin a ba shi wata. Ranar tantancewa ka tafi da takardun kotu, da sakamakon gwajin numfashi, da jerin duk magungunan da likita ya rubuta maka, kuma ka tabbatar tun daga ofishin magatakardan kotu cewa cibiyar da za ka je tana cikin waɗanda jiharka ta amince da rahotonsu.