Kiwon Talo-talo na Saki Domin Nama: Tambayoyi da Amsoshi

A unguwannin bayan garin Kaduna, irin su Rigachikun da Mararraban Rido, ba wuya mutum ya ga garken talo-talo suna kiwo a bakin gona da hantsi. Ganin haka ne ke sa wasu su ɗauka cewa kiwonsu ba ya cin kuɗi. Ga tambayoyin da masu shirin farawa suka fi yi, tare da amsoshinsu.

Shin talo-talon da aka saki yana iya ciyar da kansa?

Yana samun wani kaso na abincinsa, musamman da damina, lokacin da ciyawa take ɗanya kuma fara da gara da sauran ƙwari suke da yawa. Amma abin da yake tsinta yana riƙe masa rai ne kawai, ba ya isa ya tara naman da za a sayar da riba. Da rani kuwa, bayan an cire amfanin gona kuma dabbobi sun cinye karmami, filin ba ya ba shi abin kirki. Saboda haka ana ba shi abinci da safe kafin a buɗe masa, a kuma ba shi da yamma, wanda hakan ne ke koya masa dawowa gida da kansa kafin magariba.

Me ya sa 'yan tsakin suke yawan mutuwa a makonnin farko?

A nan ne mafi yawan asarar take, kuma a ganina wanda ya tsallake makonni takwas na farko ya gama rabin aikin. Ƙwan talo-talo yana ƙyanƙyashewa ne bayan kwana 28, kuma ɗan tsakon da ya fito ya fi na kaza rauni. Ba ya jure sanyi ko laima, sannan yana da jinkirin gane abinci da ruwa, har yakan mutu da yunwa alhali abincin yana gabansa. Don haka a ranar farko ake kama kowanne a tsoma bakinsa cikin ruwa, a barbaɗa abinci a kan faranti mai haske, a riƙa ƙwanƙwasa farantin da ɗan yatsa har su fara tsattsaga. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe.

Ɗumin da suke bukata a makon farko ya kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni sai ya dubi tsakin kansu: idan sun cunkushe a gindin kaskon gawayi suna kuka, sanyi suke ji, idan kuma sun watse jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya tabbata ya bar kafar iska, domin hayaƙinsa na iya kashe su a dare ɗaya. Ba a sakinsu waje sai sun cika mako takwas, kuma ko a lokacin a jira raɓa ta bushe, a kuma sa ido kan shaho da shirwa.

Wane irin abinci ya dace da su?

Ɗan tsakon talo-talo yana bukatar abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan kashi 28 cikin 100, abin da ya zarce na abincin 'yan tsakin kaji da ake sayarwa a buhu. Idan ba a samu nasu na musamman ba, ana ƙara wa na kajin nama garin kifi ko waken soya. Sai dai waken soya dole a soya shi kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana ɗauke da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin. Bayan sun girma an fara sakinsu, ana rage furotin sannu a hankali, a dogara ga masara ko dawa da dusa da ƙulin gyaɗa, da ɗan garin ƙashi da gishiri, a haɗa da ganyen zogale ko alayyahu. Dusa zalla tana cika ciki, amma ba ta sa nama.

Akwai haɗari a ba su masarar da ta lalace?

Akwai babban haɗari. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna saboda an adana ta da laima tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma talo-talo yana cikin tsuntsayen da wannan guba ta fi yi wa illa. A Ingila, a shekarar 1960, talo-talo kimanin 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa mai funfuna, kuma binciken wannan lamari ne ya kai ga gano gubar da ake kira afalatoksin. Al'adar ware ruɓaɓɓiyar masara a ce ta tsuntsaye ce, ya kamata mai kiwon talo-talo ya bar ta gaba ɗaya.

Za a iya haɗa su da kaji a fili ɗaya?

Gara a raba su. Kaji suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shiga cikin ƙwan tsutsar hanjinsu, su ba ta cika kayar da su ba, amma tana kashe talo-talo ta hanyar lalata hanta da hanji. Ƙwan tsutsar yana iya shekaru a cikin ƙasa, kuma tsutsar ƙasa da ake kira tana ita ma takan ɗauke shi. Alamarta ita ce tsuntsun ya saki fukafukai, ya daina cin abinci, kashinsa ya koma rawaya. Filin da kaji suka daɗe a kai bai dace da ƙananan talo-talo ba.

Rigakafi fa?

Ana yi musu na cutar Niyukasul, wanda masu kiwo suka sani da Lasota, da na ƙurajen da ke fitowa a kai da fuska, waɗanda sauro ke yaɗawa da damina. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa irin waɗannan rigakafi, likitan dabbobi kuma shi zai tsara lokutan bayarwa. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, a sanar da hukuma nan take, kada a yanka a sayar, domin a Jihar Kaduna ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a watan Fabrairun 2006.

Wane iri za a saya, kuma yaushe za a fara?

Fararen talo-talon Turawa masu faɗin ƙirji suna kai munzalin yanka cikin wata huɗu zuwa biyar, amma suna cin abinci mai yawa, nauyi yana hana su yawo, kuma ba sa iya barbara da kansu. Na gida sun fi jure yanayi da yawon kiwo, ko da yake sukan ɗauki wata shida zuwa takwas. Tunda kasuwarsu ta fi ci a watan Disamba saboda Kirsimeti da Sabuwar Shekara, mai kiwon na gida zai fara ne tsakanin Afrilu da Yuni. A makonnin ƙarshe a rage musu yawo, a ƙara hatsi, kuma duk wanda aka ba magani kada a yanka shi sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.