Rassan Ƙungiyoyin Kare Barewa a Amurka da Yadda Suke Tara Kuɗin Gyaran Daji

Rassan ƙungiyoyin kare barewa ƙananan ƙungiyoyi ne na 'yan sa-kai da ke warwatse a garuruwan Amurka, kowanne a ƙarƙashin wata uwar ƙungiya ta ƙasa ko ta jiha. Aikinsu shi ne tara kuɗi a garinsu don gyara dajin da barewa ke kiwo a ciki. Yawancin mambobin mafarauta ne. Babbar hanyar samun kuɗinsu liyafa ce ta shekara-shekara da ake haɗawa da gwanjo, sai sayar da fatu, sai kuma gwanjon takardun izinin farauta na musamman. Abin da reshe ɗaya ke tarawa bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da faɗin dajin, amma kuɗi ne da ke janyo na gwamnati ya biyo bayansa, kuma wani kasonsa a yankin da aka tara shi ake kashe shi.

Wace barewa ake nufi

Barewar da Bahaushe ya sani, da gada da mariri, ƙahonsu ba ya zubewa tun tsirowarsa har mutuwa. Ta Amurka dangi ne daban. Namijinta ke da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, yana zubar da shi kowace shekara ya tsirar da sabo. A nahiyar Afirka ba a samun wannan dangi a daji tun asali sai a tsaunukan Atlas na arewa. Ana kiranta barewa ne a nan don shi ne sunan da ya fi kusa.

Iri uku ne suka fi shiga lissafin waɗannan ƙungiyoyi. Akwai mai farar wutsiya, wadda ta cika gabashi da tsakiyar ƙasar. Akwai mai kunnen alfadari, ta tsaunuka da busassun filayen yamma, wadda ke hawa tudu da bazara ta sauko kwari idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa. Sai elk, ƙatuwar cikinsu, wadda namijinta kan haura kilo 300.

Asalin lamarin

Zuwa shekarar 1900 an yi wa namun dajin Amurka ƙarƙaf. Masu farautar kasuwa suna harbi suna lodawa jirgin ƙasa zuwa birane, manoma suna sare daji. Ƙiyasin masana ya nuna barewa mai farar wutsiya ba ta wuce dubu 500 ba a duk ƙasar a lokacin, yau kuwa ana maganar kusan miliyan 30. A shekarar ce aka kafa dokar Lacey, wadda ta haramta tsallakawa da naman da aka farauta ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha.

Dokar da ta kawo kuɗi ita ce ta Pittman da Robertson, wadda shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 2 ga Satumba 1937. Ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsashi don kula da namun daji. A yau harajin kashi 11 cikin ɗari ne a kan dogayen bindigogi da harsashi da kayan baka, kashi 10 a kan ƙananan bindigogin hannu. Ana raba wa jihohi gwargwadon faɗin ƙasarsu da yawan masu lasisin farauta. Sharaɗin da ke ciki shi ne ginshiƙin duk wannan labari: gwamnatin tarayya tana biyan har kashi 75 na kuɗin aiki, amma sai jiha ta kawo ragowar kashi 25 daga wata kafar da ba ta tarayya ba.

A shekarar 1937 ɗin aka kafa Ducks Unlimited, ƙungiyar masu farautar agwagwa, wadda daga baya ta yi suna da tara kuɗi ta hanyar liyafa gari-gari. Masu barewa sun ɗauki wannan salon a shekarun 1980. Ƙungiyar mafarautan barewa ta jihar Minnesota ta kafu a 1980. Whitetails Unlimited ta biyo baya a 1982 a garin Sturgeon Bay na Wisconsin. A 1984 wasu mafarauta huɗu a ƙaramin garin Troy na Montana suka kafa Rocky Mountain Elk Foundation, wadda hedikwatarta ke Missoula yanzu, tana da rassa ɗaruruwa, ta kuma sa hannu a aikin kare ko gyara fili fiye da eka miliyan 8. A 1988 Emmett Burroughs ya kafa Mule Deer Foundation a Redding ta California, a shekarar kuma Joe Hamilton ya kafa Quality Deer Management Association a South Carolina, ƙungiyar da ta haɗe da wata a 2020 suka zama National Deer Association. Dukkansu suna da rajistar ƙungiyar agaji, don haka mai ba da gudummawa na iya samun sassaucin haraji.

Daren liyafa

Reshe yakan zama mutum goma ko ashirin ne masu sana'o'insu, ba wanda ake biya albashi. Uwar ƙungiya tana da ma'aikaci mai kula da shiyya da ke zagaya rassan, yana kawo musu kayan gwanjo, yana duba lissafi. Galibi ana sa ranar liyafa bayan an rufe lokacin farauta, daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara. Watanni kafin ranar 'yan kwamiti ke bin shaguna da kamfanonin garin suna neman gudummawa: wannan ya ba da injin yankan itace, wancan ya ba da taya huɗu, mai gona ya ba da izinin farauta na kwana uku a filinsa.

Ranar, akan kama zauren taro na gari ko na otal. Kuɗin tikitin shiga ya haɗa da abinci da rajistar zama mamba na shekara ɗaya, saboda haka duk wanda ya ci tuwon daren ya shiga ƙungiya ke nan. A jikin bango an jera tebura da kaya, kowane kaya da takarda a gabansa, mutum ya rubuta sunansa da farashin da ya taya, wani ya zo ya rubuta sama da nasa, har a rufe. Wannan shi ne gwanjon shiru. Bayan cin abinci ɗan gwanjo ya hau mumbari da manyan kaya: bindiga mai tambarin ƙungiya, zanen barewa a firam, tafiyar farauta zuwa wata jiha. Nan ne maƙwabta biyu za su yi ta tayawa har kaya ya ninka kuɗinsa na kanti, kowa ya sani, ba kuma wanda ke jin an cuce shi, don an san inda kuɗin za shi.

Akwai kuma tikitin ƙuri'a, inda mutum ke sayen lamba a jefa a bokiti, a zaro ɗaya ta ci kyauta. Yana kawo kuɗi sosai, amma doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma jihar Utah tana lissafa shi cikin caca ta haramta shi. Wanda ya ci bindiga ba ya fita da ita hakanan, sai ta bi ta hannun dillali mai lasisi an binciki tarihinsa.

A Minnesota akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi, kuma a ganina ta fi kyau. Tun 1985 rassa ke ajiye akwatuna a gidajen mai da shagunan mahauta a lokacin farauta. Mafarauci ya feɗe barewarsa ya jefa fatar a ciki. 'Yan reshe su bi su kwashe, su kankare kitse, su barbaɗa gishiri, su jera, su sayar wa dillalan fata. Abin da a da ake zubarwa a juji, shi ne ke komawa daji a matsayin kuɗin shuka.

Rabon kuɗi

Bayan an cire kuɗin zaure da abinci da kaya, abin da ya rage ake rabawa, kowace ƙungiya da tsarinta. Whitetails Unlimited tana barin rabin ribar liyafa ga ayyukan da reshen ya zaɓa a yankinsa. Mule Deer Foundation ma tana mayar wa reshe wani kaso. Ita kuwa Rocky Mountain Elk Foundation tana haɗa kuɗin rassa, sannan kwamiti a kowace jiha, mai ƙunshe da 'yan ƙungiya da masanan hukumomin gwamnati, ya zauna ya tace buƙatun ayyuka. Kowane tsari da amfaninsa. Barin kuɗi a gari yana sa mutane su dawo baɗi, don sun ga abin da aka yi da idonsu. Haɗa shi wuri ɗaya kuma yana ba da damar sayen fili ko yin aikin da reshe ɗaya ba zai iya ba.

Reshe ba ya shiga daji da kansa ya yi abin da ya ga dama. A yamma babban ɓangare na ƙasar na gwamnatin tarayya ne, kusan kashi 80 cikin ɗari a Nevada, sama da kashi 60 a Utah. Masanin namun daji na hukumar jiha ko ta gandun daji shi ke tsara aiki, reshe ya kawo kuɗi da hannaye. Idan aikin ya cancanci tallafin dokar 1937, dala 10,000 na liyafa za su iya zama kason jiha, su janyo dala 30,000 na tarayya. Har sa'o'in da 'yan sa-kai suka yi suna aiki ana iya ƙiyasta su da kuɗi a lissafa cikin kason.

Aikin da ake yi a daji

Abin da ke kashe barewa mai kunnen alfadari da yawa shi ne yunwar hunturu da toshewar hanya. A jihar Wyoming masu bincike sun gano garken da ke tafiyar kusan kilomita 240 daga Red Desert zuwa kwarin Hoback, ya kuma dawo kowace shekara, yana tsallake shinge fiye da ɗari. Tsohon shingen makiyaya na waya mai ƙaya tarko ne. Barewa ta yi tsalle, ƙafarta ta baya ta shige tsakanin wayoyi biyu na sama, su murɗe su riƙe ta, ta mutu a rataye. 'Yar ƙarama kuma ta kasa bi ta ƙasa, uwar ta wuce ta bar ta. Gyaran ba shi da wuyar fahimta: wayar sama kada ta wuce tsayin inci 42, a bar tazarar inci 12 tsakaninta da mai bi mata, ta ƙasa ta zama marar ƙaya a ɗaga ta inci 16 zuwa 18 daga ƙasa. Aiki ne irin na gayya. Ranar Asabar mutane su fito da safar hannu da filaya, su kwance tsohuwar waya su naɗe, su ɗaura sabuwa, shanun mai gona na nan a tsare, barewa ta samu hanya.

Na biyu shi ne abinci. Bayan gobarar daji wata baƙuwar ciyawa da ta zo daga Turai da Asiya takan mamaye fili, ta bushe da wuri, ta sake kama wuta, ta hana ƙananan itatuwan da barewa ke ci da hunturu tsirowa. Rassa suna sayen dashe dubbai su shuka da hannu. A wasu wuraren kuma matsalar itatuwa ce suka yi yawa suka shanye ruwa suka kashe ciyawar ƙasa, sai a biya masu injin su rage su, ko a sa wuta da gangan a lokacin da ya dace don sabon tofo ya fito. A hamadar Arizona da Nevada ana gina mashaya: rufin kwano a shimfiɗe kusa da ƙasa yana tara ruwan sama zuwa tanki, daga tankin ya gangara ƙaramin kwami.

A gabas labarin ya sha bamban, don barewa mai farar wutsiya ta yi yawa har tana cinye ƙananan itatuwa tana jawo haɗarin mota. Can kuɗin ya fi tafiya wajen sayen fili a miƙa wa jiha don kowa ya shiga, da koyar da matasa ƙa'idar harbi, da biyan mahauta su gyara naman da mafarauta suka ba da sadaka ga mabuƙata. Mayar da elk jihar Kentucky, inda aka kai kimanin 1,500 daga yamma tsakanin 1997 da 2002, yana cikin manyan ayyukan da kuɗin rassa ya taimaka wa.

Inda ake saɓani

Wasu jihohin yamma suna ware 'yan takardun izinin farauta na musamman su ba ƙungiyoyi su yi gwanjonsu. A babban baje kolin farauta na Salt Lake City a jihar Utah, an sayar da izinin harbin barewa ɗaya tak a tsibirin Antelope kan dala 410,000 a 2016. A tsarin Utah kashi 90 na irin wannan kuɗi dole ya tafi ayyukan namun daji, ƙungiya ta riƙe kashi 10. Masu goyon baya suna cewa dabba ɗaya ta ciyar da dubu. Masu suka, cikinsu har da mafarauta da yawa, suna cewa a dokar Amurka namun daji na jama'a ne, kuma talaka yakan yi shekara goma ko fiye yana jiran ƙuri'ar izinin da mai kuɗi ya saya a dare ɗaya. Ƙorafin yana da tushe, kuma ƙungiyar da ke karɓar irin wannan kuɗi ya wajaba ta buɗe lissafinta.

Ana kuma sukar cewa kuɗin yana bin dabbar da ake farauta ne, tsuntsu ko kwaɗon da ba a harbi ba shi da liyafa, duk da gyaran daji yakan amfane su. Akwai jayayya a kan kashe kyarkeci da zakin dutse don barewa ta yawaita, alhali bincike da dama ya nuna ƙarancin abinci da tsananin hunturu sukan fi tasiri.

Yawan mafarautan ma ya ragu tsakanin 2011 da 2016. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta nuna miliyan 13.7 a 2011, miliyan 11.5 a 2016. Ga kuma cutar ramewa, wadda aka fara gani a 1967 a barewar da ake tsare da ita a Colorado. Tana lalata ƙwaƙwalwa, ba ta da magani, ta kuma bazu zuwa jihohi fiye da 30. A Wisconsin da Minnesota wasu rassa yanzu suna kashe kuɗin liyafarsu wajen hayar manyan kwandunan ƙarfe da mafarauta za su zuba ƙashi da kawuna a ciki, don kada a yar da su a daji cutar ta shiga ƙasa.