Ƙarancin lamba a mita ba shi ne lafiyar mota ba

Har yau magidanci a Kano in ya je sayen Sienna 'yar Kwatano don kai iyali gida da sallah, idonsa na kan mita mai nuna nisan tafiyar da motar ta yi. Da ya ga 70,000 sai hankalinsa ya kwanta. Wannan tsohon kuskure ne, kuma yana cinye kuɗin bayin Allah.

Ana iya mayar da mita baya da kwamfuta. Wadda aka shigo da ita daga Amurka kuwa da mil take lissafi, mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ke nan. Mafi ciwo, akwai motocin da ambaliya ta shanye: mitarsu ƙasa, wayoyinsu na ruɓewa a hankali.

Ɗaga kafet ka shafa da hannunka. Yashi a ƙasa, ko tsatsa a kusoshin kujera, alamar ruwa ce. Dubi robar wurin taka birki da sitiyari. In sun suɗe alhali mita na nuna ƙaramar tafiya, wataƙila an taɓa mitar. Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel ke daidaita taimin ɗin injinta, ka tambayi yaushe aka canza shi. Daga 2007 sarƙa ce.

Ka tafi da bakanikenka, ku hau titin Zariya har inji ya yi zafi, ku saurari yadda giya ke shiga.